Ƙarnin Dangana a Ɗakin Amarya

Shafi na 17

Masu cewa na cika jan rai, ku yi min afuwa. Hannuna ba shi da sauri, kuma abin da ya faru a ranar nan ba ya faɗuwa da gaggawa. Bismillah.

Ƙarfe goma sha ɗaya na safe ta ɗan gota, rana kuwa tun jiya ba ta leƙo ba. Yayyafi ne kawai irin na watan Agusta, ya tsaya, ya dawo, garin Gusau duk ya yi sanyi ya yi laushi. Daminar 1998 ke nan. Saura kwana tara a kawo min Mansura.

Ina tsaye a ƙofar ɗakin da za a kawo ta, makulli a hannuna, na kasa buɗewa.

Tun daga bakin ƙofa hancina ya gaya min abin da ke ciki.

Sai na ji sallama daga zaure. Yaya Ma'u ce, yayata uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ke aure a Tsafe. Tun rasuwar Inna ita ce uwata. Ta shigo da ƙullin kaya a ka, zanenta ya jiƙe har gwiwa.

"Ango ka sha ƙamshi! Mi kake yi nan tsaye kamar an kafa ka? Buɗe in gani, baƙin Bungudu sun ce bayan azahar suna tafe."

Baƙin Bungudu su ne gwaggon Mansura da ƙanwar mahaifiyarta. Yau za su zo ganin ɗaki, su auna inda gado zai zauna da inda za a yi jere, su koma su gaya wa mahaifinta, Malam Abubakar, abin da suka gani.

"Yaya, ki fara shan ruwa."

"Wanda na sha a hanya ya ishe ni. Buɗe, Sabiru."

Na buɗe.

Hayaƙin turare ne ya fara fitowa, mai kauri. Abin da ke bayansa ya biyo shi.

Yaya Ma'u ta sa ƙafa ɗaya ciki, ta janye. Ta toshe hanci da bakin mayafi. Ta dube ni.

"Dangana ya kwana a ɗakinga."

Ba tambaya ta yi ba.

Dangana karen farautar Babanmu ne, Baba Jatau, Allah ya jiƙansa. Da Baba ya rasu bara, karen ya ƙi cin abinci a hannun kowa sai nawa, na taho da shi Gusau. Ranar da na je neman auren Mansura, magana ɗaya Malam Abubakar ya yi min. Ya ce bai tambaye ni dukiya ba, amma kare ba zai taka gidan da ɗiyarsa za ta zauna ba. Na dafa ƙirji na ce na yi alkawari. A satin na kai shi Tsafe wurin Mamman, abokin farautar Baba.

"Mamman ya ce min ya tsinke igiya," in ji Yaya. "Mun ɗauka kura ta cinye shi. Har kuka na yi, Sabiru."

"Nan ya taho."

"Daga Tsafe?"

"Da ƙafarsa, Yaya. Na fito sallar asuba na same shi a bakin zaure, ruwa na dukansa, tafin ƙafarsa duk ya fashe. Ya ɗago kai ya dube ni irin yadda yake duban Baba in ya dawo daga masallaci."

"Sai ka rasa inda za ka sa shi, sai ɗakin amarya."

"Shi kaɗai ne ba ya yoyo. Kuma shi ke da ƙyaure, maƙwabta ba za su gani ba."

"Kwana nawa?"

Na dubi makullin da ke hannuna.

"Da kai nake."

"Goma sha ɗaya."

Ta sauke ƙullin kayanta, ta kifa turmi ta zauna a kai.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yanzu yana ina?"

"Jiya da sassafe na sa shi a kwando, na ɗaure a bayan babur ɗin da nake kabu-kabu da shi, na kai shi ƙauyen Wanke, gonar Sani abokina. Da hannuna na ɗaure shi a jikin ɗorawa."

"To ɗakin fa, mi ka yi mishi? Don wannan ba ƙarnin kare ba ne kaɗai. Wannan an taimaka mishi."

Na gaya mata gaskiya. Na samu wani malami da ke zama a tasharmu, na tambaye shi, in kare ya taɓa abu yaya ake tsarkake shi. Ya ce a wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Kunya ta hana ni in ce masa ɗaki ne. Na dawo na yi ta jan ruwa a rijiya, bokiti bakwai, ina ƙirgawa, ina shararawa a ƙasan ɗakin. Sannan na haɗa kasko uku na turaren wuta, na juye kwalbar turare guda a bango, na rufe taga na rufe ƙofa don ƙamshin ya kama.

Yaya Ma'u ta ɗora hannu biyu a ka.

"Ƙwarya malam ke nufi! Kwano! Wa ya taɓa gaya maka ana wanke daɓe?"

"Na ɗauka hukuncin ɗaya ne."

"Daɓe ƙasa ne, ɗan'uwana, abin da ka zuba mishi sha yake yi. Fitsarin na sama, ka tura shi ciki da bokiti bakwai, ka rufe ƙofa cikin damina. Ai ka dafa shi ke nan. Ka yi mishi turare kuma, don ya ji daɗin zama."

Ni dai idona ya cika. Siminti ya fi ƙarfina, shi ya sa na yi daɓe. Tun da aka yi jiha ma'aikata suka cika garin, ko ɗakin kaza ba ka samu a Gusau, balle in ce zan sake wani cikin kwana tara.

"Yaya, in suka ji, shi ke nan. Malam ba ya magana biyu."

"Na sani."

"Wallahi ban yi don in ci amanarsa ba."

"Na sani, na ce maka. Tashi. Kuka ba ya kashe wari."

Ta ɗaure zane, ta tura taga da ƙarfi har sakata ta faɗi. Ta fitar da kaskon nan uku ta kife su a tsakar gida.

"Ƙarnin kare ba a rufe shi, fitar da shi ake yi. Toka busasshiya, gawayi, iska, rana. Rana kam Allah bai ba mu ba. Ina tabarmar da ya kwanta?"

"Na wanke ta ita ma."

"Kai da wanki! Kai ta bayan gida ka jefar. Buhun nan ma. Duk abin da jikinshi ya taɓa."

Ta fita gidan mai ƙosai da ke maƙwabtaka da mu, ta dawo da toka cike da daro. Ta tankaɗe ta da rariya, ta bi ɗakin tana barbaɗawa har ƙasa ta yi fari. Ta zuba gawayi a kusurwa huɗu. Ni kuma ta miƙo min fartanya ta ce in kankare gindin bango, inda yake goga jikinsa.

Ina kankara, gashinsa na fitowa cikin ƙasar. Ja-ja, da fari a baki, saboda tsufa.

"Zai fita, Yaya?"

"Toka kwana uku take so."

"Mu kuma awa biyu gare mu."

"To ka daina tambayata."

Can na ce, "Ko in ce musu makulli ya ɓata?"

"Su taso daga Bungudu cikin ruwanga ka ce makulli ya ɓata? Da gatari za su buɗe."

"Ko mu ce akuya na ɗaure."

Ta tsaya da rariya a hannu.

"Gwaggo Asiya za ka gaya wa haka? Matar da ke sayar da man shanu shekara talatin? Da hanci take raba na jiya da na shekaranjiya, ba ta ko buɗe ƙwarya."

Ba ta rufe baki ba muka ji sallama.

Ko kiran azahar ba a yi ba.

Muka dubi juna. Fuskarta ta yi fari fat da toka, na san tawa ma haka take.

Hajiya Binta ce a gaba, ƙanwar mahaifiyar Mansura, mace mai jiki da murya. Bayanta Gwaggo Asiya, ƙanwar Malam, siririya, ba ta da yawan magana, igiyar awo naɗe a hannunta.

"Mota muka samu da wuri, muka ce gara mu riga ruwa," in ji Hajiya Binta. "A'a! Ango ne wannan ko mai gasa masara?"

Na durƙusa har ƙasa na gaishe su. 

Yaya ta shimfiɗa musu tabarma a rumfa, Hajiya ta ce a'a, aiki ya kawo su, a fara da ɗaki.

Ta shiga. Ta yi tari.

"Kai! Wannan turare kamar ana korar aljanu? Kwana uku mura ta toshe min hanci, ko daddawa ba na ji, amma wannan har maƙogwaro. Tokar fa ta mece ce?"

"Danshi, Hajiya," in ji Yaya Ma'u da sauri. "Kin san damina."

"Uhm. Ɗakin dai ba laifi. Gado nan, kwalla can. Asiya, auna mu gani."

Na ji wani ɗan sanyi a raina. Mura. Allah mai iko.

Gwaggo Asiya ta matso. Ta warware igiya, ta ba Hajiya baki ɗaya, ta ja ɗayan zuwa kusurwar gabas. Nan ne Dangana ke kwanciya.

Ta durƙusa don ta kai igiyar gindin bango.

Ba ta tashi ba.

Na ga bayanta ya tsaya cik. Na ga ta kai yatsa biyu ta tsinci wani abu a ƙasar da na kankare, ta dunƙule hannu.

"Kamu nawa?" in ji Hajiya.

"Takwas." Ta miƙe a hankali. "Binta, ke da Ma'u ku tahi ku duba madafa da makewayi. Ki duba da kyau, kin san ɗiyarki da tsantseni."

Suka fita. Yaya ta waigo ta dube ni sau ɗaya.

Gwaggo Asiya ta tura ƙyaure, ta bar shi a ɗan buɗe. Ta matso, ta buɗe tafin hannunta.

Gashi ne, ja-ja.

"Akuya za ka ce min ko tunkiya? Zaɓi ɗaya in ji."

 Na durƙusa cikin tokar.

"Kare ne, Gwaggo."

"Wanda ka ce ka bayar."

"Na bayar, wallahi na bayar. Dawowa ya yi."

Na gaya mata duka, tun daga asubar da na same shi har bokiti bakwai. Ba ta katse ni ba. Da na zo wurin wankin ne kawai na ga gefen bakinta ya motsa, ban san ko dariya ce ko takaici ba.

"Ka san don mi Malam ya kafa maka wanga sharaɗi?"

"Saboda tsarki, Gwaggo. An ce mala'iku ba sa shiga."

"Malam ya fi ka sanin littafi. Ya san karen farauta da na gadi ba a hana su ba. Ba wannan ba ne."

Ta dubi ƙofa, ta rage murya.

"Muna da ƙane, Ashiru. Ba ka taɓa jin sunanshi ba, ko Mansura ba ta sani ba. Malam na da shekara goma sha huɗu ya tsinci ɗan kwikwiyo a bakin gulbi. Babanmu ya ce kar ya gan shi a gida. Sai ya ɓoye shi bayan rumbu, yana kai mishi tuwo a aljihu. Ni kaɗai na sani. Ni ke yi mishi gadi."

Ta juya gashin a hannu.

"Karen ya girma. Wata bazara ya haukace, ya ciji Ashiru a ƙafa. Ɗan cizo, ko jini bai yi sosai ba. Muka ɓoye, don kar a doke mu. Bayan wata guda yaro ya fara ganin ruwa yana ihu. Shekararshi bakwai. Malam ne ya riƙe shi a ƙirji kwana uku har ya cika."

Ban san lokacin da hawaye suka zubo min ba.

"Gwaggo, Dangana lafiyarsa ƙalau. Tsufa ne kawai. Ko kaza bai taɓa kora ba."

"Shi ma wancan lafiya lau yake, har ranar da ba lafiya ba. Kuma ba cizon ne ke cin Malam ba, ɗana. Ɓoyewar ce. Shekara arba'in da ɗoriya yana cewa da ya faɗa da wuri."

Na kama bakin zanenta.

"Ki rufa min asiri. Don Allah, don Annabi. Kwana tara ya rage. Zan fasa ɗakin in sake, zan kwana ina aiki. In aka fasa aurenga ban san inda zan sa kaina ba."

"Sake min zane."

Na saki.

"Tun ranar da aka binne Ashiru ban taɓa ɓoye wa yayana komai ba. In na koma zai ce, Asiya mi kika gani? Ba zan ce ban ga komai ba."

"Shi ke nan, na rasa ta."

"Ban ce ba. Ka iya gaggawar yanke wa kanka hukunci, kamar yadda ka iya zuba ruwa." Ta ɗaure gashin a bakin mayafinta. "Mu sai mun biya kasuwa, ba mu isa gida sai magariba. Kai kana da babur. Ka riga ni. Ka same shi bayan la'asar a zaure, ka faɗa mishi da bakinka, yadda ka faɗa min, kar ka rage ko bokiti ɗaya. In daga bakinka ya ji, wataƙila. Wataƙila na ce. In kuwa daga bakin wani ya fara ji, ka manta da Mansura."

"Hajiya Binta fa?"

"In Binta ta sani, kafin mu kai tasha Bungudu ta ji. Ka gode wa mura."

Ta juya, ta sake waigowa.

"Karen yana ina yanzu?"

"Wanke. A ɗaure. Na rantse ba zai..."

"Kar ka rantse a kan ƙafar da ba taka ba."

Muryar Hajiya Binta ta taso daga tsakar gida, tana cewa madafar ta yi ƙanƙanta, ko tukunya biyu ba za ta ɗauka ba. Ta turo ƙyaure.

"Lafiya ango ke durƙushe? Idonshi ya yi ja."

"Faɗa na yi mishi," in ji Gwaggo Asiya. "Daɓen nan bai yi ba, Binta, ya sha ruwa har ciki. Taka ki ji. Ba na shimfiɗa ledar ɗiyata a kan wannan."

Hajiya ta danna da diddige.

"Wallahi kuwa, kamar fura."

"A fasa shi gaba ɗaya. A kwashe ƙasar tsawon yatsa a kai ta nesa, a bar ɗakin a buɗe da toka kwana uku. Sannan a zuba sabuwar ƙasa, a daɓe da makuba, a shafe bango da farar ƙasa. Ma'u, kin ji ni? Makuba mai yawa."

"Na ji, Gwaggo," in ji Yaya, kanta a ƙasa. Ita ta gane. Ƙamshin makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, ba ya barin wani wari ya zauna kusa da shi.

"Kwana tara zai isa?" in ji Hajiya.

"In an tara mata, yini ɗaya ne daɓe."

Suka ƙi zama cin abinci. Ruwan ya fara ƙarfi, Hajiya ta ce su tafi kafin motoci su yi wuya. Ta tsaya a rumfa tana gyara mayafi, tana yi wa Yaya lissafin kwallayen da za a kawo.

Gwaggo Asiya ta yi gaba. Na bi ta a baya don in raka su, zuciyata na can Bungudu, ina haɗa kalmomin da zan fara da su a gaban Malam.

Ta kai bakin zaure ta ja ƙyauren waje.

Ta tsaya.

Na leƙa ta saman kafaɗarta.

Yana kwance a kan dokin ƙofa, jikinsa duk caɓo, guntuwar igiyar da na ɗaure shi da ita na reto a wuyansa. Ƙafar da ta fara warkewa ta sake fashewa. Ya ɗago kai ya gan ni, ya buga jela a ƙasa sau ɗaya.

Takun Hajiya Binta na tahowa a bayanmu. Bai fi taku biyar ba.

Na dubi Gwaggo.

Gwaggo Asiya ta mayar da ƙyauren a hankali, ta danna shi da diddige. Ta juyo, ta cika ƙofar ciki da jikinta, siririyar nan.

"Binta, taga. Ba mu auna taga ba. Da mi za a yanka labule?"

"Kai, Asiya! Sai da na gama ɗaura mayafi?"

"Ungo igiya. Mu je, na riƙe miki."

Hajiya ta juya tana mita. Gwaggo ta bi ta, ta wuce ta gabana har mayafinta ya shafi hannuna. Na buɗe baki, ba ta ko dube ni ba.

Na rage ni kaɗai a zaure.

Sai na ji shi. Farce a jikin ƙyauren langa-langa, a hankali, irin yadda yake yi in yana so a buɗe masa.

Ƙarrr.

Ƙarrr.

Takun da ke tsakar gida ya tsaya.

"Asiya," in ji Hajiya Binta, "hancina ne ya toshe, ba kunnena ba. Mi ke kartar ƙofar can?"